Shekarar da Na Tafi da Akwatin Rezo Daji

Wannan zancen na so in tsallake shi. Na rubuta muku ƙuruciyata a bakin tafki, na rubuta yadda na shiga aikin allurar dabbobi, na ce a raina idan na iso shekarar da yayanku Lawali ya rasu zan sa layi biyu in wuce. To, ranar sunan ɗan Rakiya ina zaune a zaure, sai na jiyo ta daga bayan zana tana gaya wa wata baƙuwa cewa Innarsu, Allah ya jiƙanta, mace ce mai taurin rai, wai ko ɗigon hawaye ba ta yi ba da ɗanta na fari ya mutu. Rakiya, ban ji haushinki ba, abin da idonki ya gani kika faɗa. Amma tuwon sunan nan ban ci shi ba. Innarku ba ta nan balle ta kare kanta, kuma ko tana nan ba za ta buɗe baki ba, kun san ta. Ni ne na rage wanda ya san yadda aka yi, kuma ni ne mai laifin, don haka ku zauna ku ji.

Ku da kuka tashi yanzu, kuna ɗaukar ɗanku na fari kuna sumbata a gaban surukai, ba za ku gane irin kunyar ɗan fari da matan zamanin Innarku suka yi ba. Ana yaye Lawali tsohuwata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Innarku ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun yana ƙarami “wancan” take ce masa, da aka haife ku ya koma “yayanku”. Idan ya shigo gaishe ta, sai ta amsa tana kallon murhu. Shekarar da ya yi ƙyanda kamar ba zai tashi ba, ba ta shiga ɗakin tsohuwa ba ko sau ɗaya, sai dai a gan ta tana ta share gindin katangar nan, wurin da babu ko tsinke. Idan na kawo kifi daga tafki, ita ke cire tsoka mafi kyau ta rufe a kwano, ta ce da Rakiya, “Kai wa mutanen can.” Mutanen can ɗin mutum ɗaya ne, kowa ya sani. A garinsu wajen Safo haka aka rene ta, kuma ana yabonta a kan haka. Ni ma na yi tawa kunyar, amma ta namiji ba ta kai ta mace ba, ina iya yi masa faɗa, ina iya aikensa, ina iya zama da shi a gona.

Da Lawali ya koyi gini ya ga aikin nan ba ya ciyar da shi, sai ya bi abokai zuwa Tamanrasset, can ƙasar Aljeriya. Ranar tafiyarsa ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ta ce, “Allah ya kiyaye hanya,” ba ta ƙara ko kalma ba. Daga nan wahalar waya ta fara. Gidanmu a kwari yake, kun sani, rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya sauka tsakar gida sai ya ga dama. Wani lokaci na Najeriya ya shigo ya kori namu, wayar ta rikice, ba wannan ba wancan. Kowa a gidan da nasa farfe, wato datar da ake saya wa waya, na wannan ya ƙare yau, na wancan gobe, kuma ba ya tashi ƙarewa sai ana tsakiyar magana. Ni da furfurata, ni ne nake hawa tsani jikin rumbu, hannu ɗaya riƙe da kara, ɗaya a sama da waya, ina ihu, “Alo! Kana ji na?” maƙwabta suna dariya. Wata rana tsanin ya zame na sauko da gindi a kan turmi. Sati guda ina salla a zaune.

Lawali ne ya ce in bar wannan wahalar in sayi akwatin nan na rezo. Ya ce abu ne kamar sabulun wanka, a sa masa layi ɗaya, a rataye shi inda yake kamawa, duk wayoyin gida su sha daga gare shi, idan kuma zan yi tafiya in jefa shi aljihu. Na je Maradi na sayo. Na buga ƙusa a reshen bedin tsakar gida, na rataye shi cikin ƴar jakar fata, fitilarsa ta yi kore, shi ke nan aka huta da tsani. Sai na kafa doka, don kun san ubanku da doka: daga yau babu mai sake sayen farfe a gidan nan, akwati ya ishe mu. A cikin watan Lawali ya aiko wa Innarku tsohuwar wayarsa ta hannun wani mai dawowa gida. Waya ce mai kyau, sai dai wurin sa layinta ya mutu, ba ta kira, ba a kiranta, ba ta yin komai sai akwati na kusa. Da aka miƙa mata ko juya ta ba ta yi ba, ta ce a ajiye a kan kwalla. Ni kuwa alfahari ya cika ni. Kode ɗin akwatin, lambar sirrinsa, ni kaɗai na riƙe, sai wanda na ga dama nake buga wa a wayarsa, har yayana Alhaji Mamman da ke jikin katangarmu sai da ya yi mini kirari kafin na sa masa.

Kowace Juma’a bayan an sauko masallaci Lawali yake kira da hoto. Mu taru gindin bedi, kowa yana tura fuska. Innarku kuwa ta ɗauko faifai ta zauna can gefe, ta ba mu baya, wai tana tsintar wake. Na sha lura hannunta yana tsayawa cak a cikin waken da zarar ya fara magana. Idan ya gama da mu sai ya ce:

“Baba, Inna na kusa?”

“Ga ta nan tana jin ka.”

“Inna, ina wuni? Ya jikin ƙafar?”

Sai ta ce da faifan, “Ku ce masa lafiya lau.”

Mu yi dariya, shi ma ya yi dariya, a kashe waya. Haka muka yi wata da watanni, kuma ni a wautata na ɗauka iyakar abin da ke tsakaninsu ke nan.

Amma akwai abubuwan da na gani da idona na ƙi ba su ma’ana. Matar da ta ce a ajiye waya kan kwalla, sai ga ta ita ke goge ƙurar panon sola kowace safiya don wayar ta sha wuta. Ta ɗinka mata ƴar jaka da ƙyallen atamfa. Idan na yi tafiyar yini, Ɗan Issa ko Maradi, na tafi da akwatin, ina dawowa kafin ta kawo mini ruwa sai ta ce, “Malam, rataye abin nan naka mana, kar ka zauna a kansa.” Da hantsi, lokacin da yara suna lakkol wajen karatun boko ni kuma ina majalisa, idan na dawo ɗaukar wani abu sai in tarar da ƙofar ɗakinta a saye, in ji kamar ana magana ƙasa-ƙasa. Ta fito fuskarta a sake, kamar wadda aka yi wa albishir. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce wa’azi take ji. Na ce madalla. Wallahi wani ɓangare na zuciyata ya san ba wa’azi ba ne, amma ban tsaya na saurari wannan ɓangaren ba, ina da abin da ya fi mini muhimmanci, wai.

Bayan an gama girbi aka kira mu tsofaffin ma’aikata mu taimaka da allurar shanu. Ni aka ba rugagen Fulani da ke bayan garin Sarkin Yamma, wajen bakin daji, aikin kwana biyar. Shugabanmu ya ce kowane yamma a aiko masa da hoton takardar aiki ta waya. Na ce a raina, to ga ranar akwati ta zo, su ga tsoho bai tsufa ba. Ranar Lahadi da safe na ɗaure kaya a bayan moto, ɗan babur ɗina. Alhaji Mamman ya shigo yi mini sallama, matarsa ma ta leƙo, ga wata maƙwabciya ta zo aron rariya. Na miƙa hannu na sauke jakar fatar daga ƙusa. Innarku tana durƙushe tana wanke ƙwarya, na ga ta ɗago ta bi hannuna da ido, sa’an nan ta sunkuyar da kai. Na gani. Ina so ku rubuta wannan a zuciyarku, na gani sarai. Maimakon in mayar da abin inda na ɗauko shi in yi tafiyata, sai na tsaya a tsakiyar mutane, har da ƴar dariyata, na ce:

“Ko in bar miki shi ne? Kar ɗanki ya kira ya rasa ki.”

Matar Alhaji ta kwashe da dariya ta ce, “Kai Malam Issufu, ba ka da dama! Ɗan fari fa?”

Innarku ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ni mi zan yi da shi? Tafi da abinka.”

“Kin tabbata?”

“Allah ya kiyaye hanya, Malam.”

Na jefa shi cikin jaka na tada moto. Na tambaye ta, ta amsa, na wanke kaina. Haka na gaya wa zuciyata har na fita gari.

Abin takaici, akwatin nan bai yi mini aikin komai ba a can. Muna wuce gonakin ƙarshe fitilarsa ta koma ja, kuma ja ta zauna. Na hau tudu da shi, na ɗaura shi a kan sanda na ɗaga sama, wani Bafulatani mai suna Ja’e yana kallona yana tambaya ko maganin kura ne. Kwana huɗu ina yi masa caji da batirin moto kamar mai kiwon ɗan tsako, bai aika ko hoto ɗaya ba. Takardun da shugaba ya ce a aiko, a hannu na kai su daga baya, kuma ko tambaya bai yi ba. Tun rana ta biyu na san ya kamata in juya in mayar da shi gida, tafiyar ba ta kai rabin yini ba. Na ce ai saura kaɗan, Juma’a ce ranar kira, kafin Juma’a na koma. Shanu suka yi ta zuwa, na yi ta soka allura, ina shan nono ina raha da mutane, lafiyata ƙalau.

Mun gama da wuri, ranar Alhamis bayan azahar na kamo hanya. A Sarkin Yamma na tsaya shan mai wurin mai sayar da esansi a kwalba. Yana cikin zuba mini sai wayata ta fara kuka a aljihu, ɗaya bayan ɗaya, ba ƙaƙƙautawa. Na duba na ga duk daga lambar Lawali ne, na yi murmushi. Na taɓa na farko, sai na ji muryar da ba tasa ba.

“Baba, Haruna ne, abokin Lawali, ɗan Safo. Kar hankalinka ya tashi. Ya faɗo daga kan gini jiya Litinin, muna asibiti, yana magana, yana cin abinci. Ya ce kar a gaya wa kowa, amma na ga ya kamata ka sani.”

Na biyu ya ce cikinsa ya kumbura, likita ya ce akwai ciwo a ciki. Na uku ya ce, “Baba, don Allah idan ka ji wannan ka kira, mun yi ta neman layinka ba ya shiga.” Na huɗu gajere ne. Ya yi sallama, sa’an nan ya ce, “Baba, sai haƙuri. Yau da hantsi. Mun yi masa sutura, mun kai shi.”

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Mai esansin ya riƙe moton yana ta salati. Ɗana, wanda na ɗora a wuyana na kai shi kallon masunta, an rufe shi a ƙasar da ban taɓa takawa ba, ina can ina gardama da Bafulatani a kan maraƙi. Na yi kuka a bakin hanya, mutane suka taru, wani ya kawo ruwa na wanke fuska. Da na dawo hayyacina abu ɗaya ne a kaina: yadda za a gaya wa Innarku. Ba a shiga wa mace da irin wannan labari kai tsaye. Sai an nemi manya, a shiga da sallama, a zauna, a yi addu’a, a kawo shi a hankali. Na ce zan sauka gidan Alhaji Mamman, mu aika a kira liman, mu shiga tare. Wannan kaɗai na iya yi mata, na ce, in yi shi daidai.

Na shigo gari da la’asar ta bayan unguwa don kar a gan ni. Na kashe moto tun daga nesa na tura shi har zauren Alhaji. Na gaya masa, ya dafe kai. Aka aika wa liman, ya ce yana alwala, ga shi nan. Muka zauna jiransa, jakata tana jingine da katanga. Katangar nan, ƴaƴana, ita ce ta ɗakin Innarku. Akwatin yana ciki a kunne, fitilarsa kore, ni da na yi kwana huɗu ina lallashinsa ya kama, ko kaɗan bai faɗo mini a rai in kashe shi ba. Mun yi zaman da za a iya dafa shayi a sha kafin liman ya iso. Muka tashi mu uku, muka zaga, na yi sallama a ƙofar gidana kamar baƙo.

Ba a amsa ba. Muka shiga. Tana zaune a dokin ƙofar ɗakinta, ƙafafu a miƙe, wayar tana kan cinyarta, kuma muryar Lawali ce ke tashi a tsakar gidan. A gajiye take, yana magana yana hutawa.

“Inna, yau kwana uku ban ji muryarki ba. Ko Baba ya tafi da akwatin ne? In shi ne ba komai. Ina ma kin ce mini wani abu, ko faɗa ne. Jiya na yi mafarkin kunun tsamiyarki.”

Saƙon ya ƙare, wani ya hau kansa.

“Inna, jikin ya ƙi. Ki yafe mini. Duk abin da na yi miki tun ina yaro, ki yafe mini. Ki ce kin yafe in ji da kunnena. Haruna zai riƙe mini wayar.”

Daga nan sai muryar Haruna, yana kuka, yana faɗin abin da muka zo faɗa. Liman ya tsaya da baki buɗe, addu’ar da ya shirya ta tsaya masa. Alhaji Mamman ya juya ya kalle ni, ya kalli jakar da ke kafaɗata. Innarku ta kife wayar a hankali, ta gyara kallabinta, ta jawo tabarma ta shimfiɗa mana.

“Sannunku da zuwa,” ta ce. “Na ji. Allah ya jiƙan Musulmi.”

Abin da kuka gani a kwanakin makoki ke nan. Mata suna shigowa da kuka, ita tana ba su haƙuri. Tsofaffi suna cewa kai, wannan ta cika ƴar halak, ta riƙe kunya har ƙarshe. Matasa suna raɗa suna cewa zuciyarta dutse ce. Ba ta ci abinci ba sai ruwa, amma wannan ba wanda ya lura, don ita ke zuba wa kowa. Ni kuwa ina zaure ina karɓar gaisuwa, duk wanda ya ce “ya haƙuri” sai in ji kamar ya san abin da na yi. Na mayar da akwatin kan ƙusarsa tun ranar, ban sake sauke shi ba, ko Maradi zan je. Amfanin me?

Bayan addu’ar bakwai Haruna ya kira ni, muka daɗe. Shi ya buɗe mini abin da ke faruwa a gidana ban sani ba. Ya ce tun watan da wayar ta iso, kusan kullum da hantsi sai saƙon murya ya shigo wa Lawali daga Inna. Ita ta koya wa kanta, ta ga yadda kuke danna alamar kuna magana. Ba fuska, ba kowa a kusa, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya, sai bakinta ya buɗe. Tana ba shi labarin akuyarta, da farashin gero, da wanda ya yi aure, tana yi masa faɗa ya riƙa rufe ƙirji da sanyi. Haruna ya ce Lawali yakan sauko daga kan gini ya koma bayan tarin bulo ya saurara, ya dawo yana share ido yana dariya, ya ce, “Ashe tsohuwar nan ta iya hira haka.” Mutum ya kai shekara talatin da ɗoriya kafin ya san muryar uwarsa idan tana magana da shi. Ya ce a asibiti, duk wanda ya shigo ɗakin sai Lawali ya ce a duba waya. Har safiyar Alhamis yana tambaya, “Ta amsa?” Sa’an nan Haruna ya ce:

“Baba, akwai abin da ban san yadda zan yi da shi ba. Ranar da muka rufe shi, da la’asar, saƙo huɗu suka shigo daga Inna a lokaci ɗaya. Ban buɗe ba.”

Kowace safiya ta kwanakin nan ta shiga ɗaki ta yi masa magana, saƙon ya tsaya a wayar yana jiran akwati. Na ce da Haruna kar ya buɗe, ba nasa ba ne, ba nawa ba ne. Har yau ban san abin da ta ce ba.

Na yi ta neman ranar da zan yi mata magana, na kasa. Muna kwana ɗaki ɗaya, tana kawo mini abinci, tana amsa mini, amma kullum sai in ce sai gobe. Sai bayan arba’in, wata safiya na dawo daga masallaci ban same ta ba, aka ce ta tafi lambu tsinko zogale. Rana ta ɗaga ba ta dawo ba, na bi ta. Lambunmu na bakin tafki kun san shi, da shingen ƙaya. Tun kafin in kai na jiyo wani sauti da na ɗauka dabba ce ta maƙale a shinge. Na leƙa. Innarku ce, durƙushe tsakanin itatuwan zogale, goshinta a ƙasa, hannayenta cike da turɓaya, tana kuka irin wanda ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Tana kiran sunansa.

“Lawali. Lawali na. Na yafe maka, Lawali. Ka ji? Na yafe.”

Ranar ce kaɗai a rayuwata na ji sunan nan a bakinta. Daga baya matar da ke da lambun kusa ta gaya mini ba ranar ta fara ba, tun washegarin bakwai take zuwa. Na tsaya bayan shinge, ban san ko in shiga ko in koma ba. Na jira har ta yi shiru, ta tashi zaune ta share fuska da bakin zane. Sa’an nan na buɗe ƙyauren na shiga, na durƙusa a gabanta, ni da ban taɓa durƙusa wa mace ba sai tsohuwata. Na ce mata na ga idonta ranar Lahadin nan. Na ce na san abin da take so, na tambaye ta a gaban mutane don na san amsar da za ta bayar. Na ce akwatin ko aiki bai yi mini ba. Na ce ta yafe mini don Allah.

Ta daɗe tana kakkaɓe ƙasa daga tafin hannunta. Ba ta yi mamakin ganina ba, ba ta kuma ji kunyar na gan ta ba, ta wuce nan.

“Na yafe maka, Malam,” ta ce. “Kwanansa ne ya ƙare. Ko akwatin na nan, ba zai ƙara masa yini ba.”

Na fara godiya, sai ta ɗaga hannu.

“Ka tambaye ni, ni na ce ka tafi da shi, wannan gaskiya ne. Amma Malam, tun ina ƴar yarinya aka kawo ni ɗakinka. A gabanka na haife shi, a gabanka aka ɗauke shi. Kai ma sai na faɗa maka?”

Ta tashi ta ɗauki kwandon zogalenta, ko rabi bai kai ba, ta ɗora a ka. Na riƙe mata ƙyauren ta fita, na bi bayanta muka koma gida.